FILIN MANOMA: Juyen Man Inji, Aikin Da Kowa Zai Iya Yi A Gida

A makon nan za mu ajiye zancen iri da taki, mu yi zancen inji.

Duk wanda ya bi ta fadamar Wurno a watannin rani, ko bakin gulbi a Rabah, ko gonakin da su ke shan ruwan dam ɗin Goronyo, zai ji kukan injin ban-ruwa tun daga asuba har faɗuwar rana. Iyayenmu da jigo suka yi lambu, mutum ya wuni yana ɗaga guga, abin da zai shayar bai wuce 'yan fangaloli ba. Amma tun da aka gama ginin dam ɗin Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, sa'an nan shirin Fadama ya zo a 1993 da ƙananan rijiyoyi da injuna, sai jigo ya yi wuyar gani. Yanzu albasa da tafarnuwa da shinkafa da alkama na ƙasar nan duk a wuyan inji su ke. Bayan an girbe kuma, wani injin ne, watau na mota, zai kai su kasuwa, ko Sakkwato, ko Kano, ko Kudu.

To, ran inji kuwa mai ne. Ba fetur na ke nufi ba, man inji na ke nufi, wanda mu kan kira baƙin mai. In fetur ya ƙare inji tsayawa kawai zai yi, da an zuba masa zai tashi. In baƙin mai ya ƙare, ko ya lalace, inji bugawa zai yi, sai bakanike.

ABIN DA NA GANI

Bara, cikin watan Fabrairu, wani manomi a fadamar Wurno ya aiko a kira ni, wai injinsa ya tsaya, igiya ta ƙi janyuwa. Da na je na kwance bakin mai, na karkata injin, abin da ya zubo bai cika kofin shayi ba, baƙi ƙirin, da kauri kamar kwalta. Na tambaye shi yaushe rabonsa da juye. Ya ce ai shi bai taɓa barin injinsa ba mai ba, kullum ya ga ya ragu sai ya ƙara. Tun ran da ya saye shi ƙari ya ke yi, bai taɓa zubar da na ciki ba. Ga shi kuwa albasarsa ta fara yin kai, lokacin da ba ta jure ƙishi. Kwana tara aka yi kafin a samo kayan gyara daga Sakkwato a ɗaura. Cikin kwanakin nan sai hayar injin maƙwabcinsa ya riƙa yi da dare, in maƙwabcin ya gama nasa. Abin da ya kashe wajen gyara da haya ya fi kuɗin man da zai ishe shi rani uku, albasar kuma ta fito ƙanana.

Mutumin nan ba rago ba ne, ba kuwa marowaci ba ne. Rashin sani ne kurum, kuma irinsa suna da yawa. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana al'amarin daga tushe.

AIKIN MAI A CIKIN INJI

Ƙaramin injin ban-ruwa irin wanda mu ke amfani da shi, in an buɗe masa wuta, ƙarfen cikinsa ya kan juya har sau 3,600 a minti ɗaya, watau sau 60 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfe na gudu bisa ƙarfe haka, ba abin da ke tsakaninsu sai ɗan mai wanda bai kai kaurin takarda ba. Aikin man nan huɗu ne. Yana sa santsi don kada ƙarafa su ci juna. Yana kwashe zafi daga wuraren da iska ba ta kaiwa. Yana wanke toka da garin ƙarfe, ya riƙe su a jikinsa. Sa'an nan yana toshe ɗan tsakanin da ke jikin fistin da ringi, don ƙarfin wuta kada ya zurare.

Amma mai yana tsufa. Zafi na dafa shi, hayaƙi na baƙanta shi, ɗan fetur na tsiyaya cikinsa yana tsinka shi, magungunan da kamfani ya haɗa a ciki kuma suna ƙarewa. A ƙasarmu akwai abu biyu da ke ƙara hanzarta tsufansa. Na farko ƙurar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Na biyu zafin bazara, gama a Maris da Afrilu zafin Sakkwato ya kan wuce awo 40. Man da ya cika da ƙura ya daina tsare ƙarfe, ya koma goge shi kamar yadda yashi ke goge tukunya.

Don haka ƙari ba juye ba ne. Randar da laka ta taru a gindinta, kome yawan ruwan da ka ƙara mata ba zai yi kyau ba, sai ka tuntsurar da na ciki ka wanke.

YAUSHE ZA A YI JUYE?

Injin ban-ruwa da awa a ke lissafa masa. Littafin kamfanin Honda na ƙananan injuna irin GX160, wanda a ke ɗaura wa famfo mai inci 3, ya ce sabon inji a yi masa juyen farko bayan awa 20 na aiki ko wata ɗaya, daga nan sai kowace awa 100 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa. Juyen farkon nan shi ne mafi muhimmanci, domin sabon ƙarfe ya kan zubar da gari kafin ya zauna. Injunan Sin da suka cika kasuwa yanzu yawancinsu bisa wannan fasali aka ƙera su, saboda haka ƙa'idar ta shafe su.

Sai mu yi lissafi. Wanda ke kunna inji awa 5 kullum, cikin kwana 20 ya cika awa 100. Wanda ke yin awa 8, ko yana ba da haya, kwana 12 ko 13 ne. Shawarar da na kan ba mutanenmu ita ce, lokacin ƙura da tsananin zafi kada su jira awa 100 ta cika, su rage. Mai aikin kullum ya mai da shi al'ada, Juma'a ɗaya ya bari, Juma'a ta biyu ya yi juye. Wanda ya iya rubutu, na boko ko na ajami, ya rubuta ranar a bangon ɗaki. Wanda bai iya ba ya sa yaro ya rubuta masa.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 manoma da dama suka mai da injunansu na gas ɗin girki. Man injin da ke aiki da gas ba ya saurin yin baƙi, sai mutum ya zaci da sauransa. Kada launi ya ruɗe ka. Zafi na cin sa kamar dā, saboda haka lissafin awa na nan yadda ya ke.

Mota kuwa da kilomita a ke lissafa mata. Motar da ke bin hanyoyin ƙauye masu ƙura da kaya mai nauyi, kada ta wuce kilomita 5,000 ba a yi mata juye ba. Motar da ke yin kilomita 200 kullum, kwana 25 ke nan. Motar malamin ofis da ba ta tafiya mai nisa, ita ma kada ta wuce wata 6, gama mai na lalacewa ko mota na tsaye.

WANE MAI ZA A SAYA?

A jikin kowace roba ta man kirki akwai rubutu iri biyu. Na farko lambar SAE, ita ke nuna kaurin mai, kamar SAE 40, ko 15W-40, ko 20W-50, ko 10W-30. Gwargwadon girman lambar ƙarshe, gwargwadon kaurin man in ya yi zafi. Na biyu haruffan API, su ke nuna irin injin da aka yi man dominsa. Wanda ya fara da S, kamar SL ko SN, na injin fetur ne. Wanda ya fara da C, kamar CF ko CI-4, na injin dizal ne. Akwai mai ɗauke da duka biyu. Ka bi abin da littafin injinka ya faɗa. Honda ta ambaci 10W-30 ga ƙananan injunanta, da SAE 30 inda a ke zafi. Tsofaffin motoci su kan sha mai kauri kamar 20W-50, amma sababbin motoci yawancinsu mai tsinkakke su ke so, in ka ba su mai kauri ka cuce su.

Ka sayi mai a rufe, da hatiminsa, da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Ka guji wanda a ke aunawa a kwalba a bakin hanya ba suna ba lamba, domin ba ka san ko tsohon mai ne aka tace ba, ko ɗanyen mai ne wanda ba a haɗa masa magani ba. Araha ba ta ado. Har wa yau kada ka zuba man giya, ko man birki, ko man 2T. Shi 2T na injunan da a ke gauraya musu mai da fetur ne, kamar ƙaramin janareto da wasu injunan feshi, su kuwa ba a yi musu juye ko kaɗan.

JUYEN INJIN BAN-RUWA

Kayan aiki kaɗan ne: sifana lamba 10 ko 12, da mazurari, da tsohon kwano, da tsumma mai tsabta, da sabon mai. GX160 lita 0.6 ya ke sha, watau ya ɗara rabin lita kaɗan, saboda haka lita 3 ta isa juye biyar.

1. Ka kunna inji kamar minti biyar ya yi ɗumi, sa'an nan ka kashe, ka rufe makunnin fetur. Mai mai ɗumi ya fi saurin fita, kuma yana fitowa da dattin da ya kwanta.

2. Ka zare hular fulogi don kada inji ya tashi bisa kuskure. Ka ɗauke shi daga bakin rijiya ko gulbi, ka ɗora shi wuri mai daidai.

3. Ka goge ƙurar da ke kewaye da murfin mai tukuna, sa'an nan ka buɗe. In ba ka goge ba, da hannunka za ka zuba wa inji ƙasa.

4. Ka tara kwano, ka kwance notin juye da ke can ƙasa. Ka ɗan karkata injin wajen ramin har ya daina ɗiga.

5. Ka mai da noti tare da ɗan zoben da ke jikinsa. In zoben ya lanƙwashe ka sake sabo. Ka ɗaure daidai, ban da nuna ƙarfi, gama jikin injin alminiyam ne, in zaren ya ci ka jawo wa kanka aiki.

6. Ka zuba sabon mai sannu sannu, inji na tsaye daidai, har ya kawo leɓen bakin. In za ka auna da gejin da ke jikin murfi, ka tsoma shi kawai ba tare da ka murɗa ba.

7. Ka rufe, ka mai da hular fulogi, ka cika tukunyar famfo da ruwa, sa'an nan ka tayar. Kada ka tayar da famfo a bushe ko na ɗan lokaci, robar cikinsa ƙonewa ta ke yi. Ka duba ko akwai yoyo.

Waɗannan ƙananan injuna ba su da filtar mai. Wani ɗan cokali ne a jikin ƙarfen ciki ke fantsama mai ko'ina. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na ɗaya, tun da ba abin da ke tace man, juye ne kaɗai ke fid da datti. Na biyu, in ka girke inji a karkace a gangaren gulbi, mai zai taru gefe guda, cokalin ba zai same shi ba, inji ya buga alhali da mai a cikinsa. Saboda haka ka gyara masa wuri, ka shimfiɗa katako. Abin da ke tsare shi daga ƙura shi ne matacin iska, watau soson nan da ke cikin baƙin akwati a sama. Ka wanke soson da ruwa da sabulu, ya bushe sarai, ka ɗiga masa sabon mai ka matse, ka mayar. Na takarda kuwa kaɗe shi a ke yi, ba a wankewa. Na sha ganin inji na aiki ba mataci sam, wai ya fi ƙarfi haka. Wannan inji ba zai ga rani biyu ba.

JUYEN MOTA DA FILTA

Mota da tarakta da babban injin dizal suna da famfon da ke tura mai, suna kuma da filta, watau gwangwanin da ke da takarda a ciki mai tace datti. In takardar ta toshe akwai wata 'yar ƙofa a ciki da ke buɗewa, mai ya wuce ba tacewa, direba kuwa bai sani ba. Sa'an nan tsohuwar filta na riƙe da tsohon mai a cikinta. Don haka duk ran da aka yi juye a sake filta. Sabon mai da tsohuwar filta kamar wanka ne a mai da riga mai dauɗa.

Kafin kome, ga gargaɗi. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak na zamewa, musamman a kan rairayi. Ka tsai da mota wuri mai tauri kuma daidai, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyi da duwatsu, in ka ɗaga ka sa guma-guman itace masu ƙarfi. Ban da bulon siminti, fashewa ya ke yi farat ɗaya. Motoci masu tudu irin Hilux sau da yawa ba sai an ɗaga su ba. Ka kuma kori yara daga wurin.

1. Ka ɗumama inji, ka kashe, ka zare makulli ka sa aljihu. In daga tafiya ka dawo ka jira ya huce, gama mai mai zafi na sale fata.

2. Ka buɗe murfin mai na sama. Ka tara daro mai faɗi, domin ƙananan motoci su kan sha wajen lita 4, manya na dizal kuwa har lita 7 ko fiye.

3. Ka tabbata notin inji ka kama, ba na akwatin giya ba, gama suna kusa da juna, mutane da yawa sun yi wannan kuskure. Ka kwance, ka bar shi ya tsiyaye kamar minti goma, ka mayar da sabon zobe.

4. Ka kwance filta ta hannun hagu. In ta ƙi, akwai sifanarta ta musamman, ko ka naɗa mata tsohon bel ka ja. Ka duba ko zoben robarta ya fito tare da ita. In ya manne a jikin inji ka ɗora sabuwa a kansa, mai zai tsiyaye duka a hanya.

5. Ka gwada sabuwar filta da tsohuwa, lamba da baki su zo ɗaya. Ka shafa wa zoben robar sabon mai da yatsa. Ka murɗa da hannu har roba ta taɓa jikin inji, sa'an nan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Da hannu a ke ɗaure filta, ba da sifana ba.

6. Ka zuba mai, ka rage kaɗan daga abin da littafi ya ce. Ka tayar, ban da taka totur. Jar fitilar mai ta kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta mutu ba ka kashe nan take.

7. Ka leƙa ƙasa ko akwai yoyo. Ka kashe, ka jira minti biyar, ka zaro geji ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Mai ya tsaya tsakanin alamu biyu, kusa da ta sama. Kada ka wuce ta, domin mai in ya yi yawa kumfa ya ke yi, ya tsinka robobi.

8. Ka rubuta rana da lambar kilomita.

Wasu sababbin motoci takardar ciki kaɗai a ke sakewa tare da zobenta, gidan filtar na nan. Ƙa'idar dai ɗaya ce.

TSOHON MAI NA BA DA LABARI

Kafin ka kau da kwano ka kai shi rana ka duba. Baƙi kawai ba laifi ba ne, man dizal ma nan da nan ya ke baƙi. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana warin fetur kuma ya tsinke, kafireto na yoyo, ko ana barin makunnin fetur a buɗe lokacin da a ke ɗaukar inji a babur. In ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ka kai wa bakanike tun bai buga ba. Injin da ambaliya ta shanye, irin wadda ta auka wa ƙauyukan Goronyo da Wurno a 2010, kada a ja igiyarsa sai an zubar da man ciki da fetur, an fid da fulogi, an busar, an yi juye, a kuma sake wani juyen bayan ya yi ɗan aiki.

INA ZA A KAI SHI?

Kada a zubar da tsohon mai a gona, ko a hanyar ruwa, ko kusa da rijiya. Ruwan fadama ba shi da nisa daga sama, abin da ka zubar yau shi za ka sha gobe, kai da dabbobinka. Inda ya zuba shuka ba ta yin kirki, a gulbi kuma yana kashe kifin da masunta ke ci da shi. Kada a shafa wa dabba a kan ƙazwa ko gyambo kamar yadda wasu ke yi, gama akwai guba a cikinsa, dabba kuwa lasa ta ke yi, a nemi malamin dabbobi. Kada a hura wutar girki da shi. In ya taɓa hannu a wanke da sabulu, ban da fetur. A ɗura shi a jarka mai murfi, ba a robar lemo da yaro zai ɗauka ya sha ba, a kai wa masu juye a gareji, akwai masu tarawa.

To, jama'a, aikin ke nan. Na injin ban-ruwa bai wuce rubu'in awa ba, na mota bai kai awa guda ba. Wanda bai taɓa yi ba ya tsaya kusa da bakanike sau ɗaya ya gani da idonsa, na biyu ya yi da kansa. Kowace safiya kuma, kafin ka ja igiya ko ka murɗa makulli, ka duba geji. Wanda ya san rabonsa da juye ya wuce mako uku yana ban-ruwa kullum, kada ya jira ranar kasuwa, ya yi shi gobe da safe.

Mai tambaya ya aiko ta hannun Edita, ko ya tare ni in na zo zagaye. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan ajiyar albasa. Allah ya ba mu rani mai albarka, amin.